Muryoyi Biyu da Kiɗan da Aka Ƙara Daga Baya

A tsakiyar shekarun 1960 wani salon kiɗa ya ɓullo a Amurka wanda aka laƙaba wa suna folk rock, wato auren da aka ƙulla tsakanin waƙar gargajiya, wadda mawaƙi ke rerawa da jitar katako shi kaɗai yana bai wa kalmomi muhimmanci, da kiɗan rock na matasa, wanda ya dogara ga jita mai aiki da lantarki da ganguna masu amo. Ƙungiyar The Byrds ce ta buɗe ƙofa a 1965 da ta ɗauki waƙar Bob Dylan mai suna "Mr. Tambourine Man" ta sa mata lantarki, amma waƙar da ta fi nuna abin da salon ke iya yi wa zuciya ita ce "The Sound of Silence", wato amon shiru, ta Paul Simon da Art Garfunkel.

Su biyun sa'o'in juna ne, an haife su a 1941, sun kuma taso a unguwar Queens ta birnin New York, inda tun suna 'yan makaranta suka koyi haɗa murya ta hanyar kwaikwayon 'yan'uwan nan biyu, Everly Brothers. Haɗin murya a nan yana nufin mutum biyu su rera baiti ɗaya a lokaci guda, kowa a kan nasa matakin sauti, har kunne ya kasa raba su. Simon ne marubucin waƙoƙin kuma makaɗin jita, Garfunkel kuwa shi ne mai siririyar muryar da ke tafiya a sama kamar zaren auduga, kuma a wannan waƙa shi ke riƙe da ainihin karin, Simon na tallafa masa daga ƙasa.

Simon ya rubuta waƙar yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya kuma sha faɗa cewa a lokacin yakan shiga banɗaki ya kashe fitila ya kaɗa jita a cikin duhu, saboda bangon tayil yana mayar da sauti da ɗan amsa-kuwwa mai daɗi. Wannan duhu da kaɗaici sun shiga jikin waƙar. Baitocinta biyar ne, ba ta da amshi, sai dai kowane baiti yana komawa ga kalmar shiru, kuma abin da take ba da labari shi ne mafarkin wani mutum da ya ga taron jama'a a birni, kowa bakinsa na motsi amma babu mai isar da saƙo ga ɗan'uwansa, hankalinsu duka ya koma kan fitilun talla da suka ƙera da hannunsu. Akwai ɗanyen kai na ƙuruciya a wasu kalmomin, domin matashi ne ke wa duniya wa'azi, amma karin yana ɗauke da nauyin da ya rufe wannan rauni: yana hawa a hankali a tsakiyar baiti, sannan ya sauko ya kwanta kamar wanda ya gaji da kira.

An naɗi waƙar a watan Maris na 1964 a kamfanin Columbia, da muryoyi biyu da jitar katako, ta fito a faifansu na farko, Wednesday Morning, 3 A.M., a watan Oktoba. Faifan bai yi kasuwa ba, saboda haka Simon ya tafi Ingila yana waƙa a ƙananan kulob-kulob, Garfunkel ya koma karatunsa a Jami'ar Columbia. Sai dai wasu gidajen rediyo a Boston da Florida suka ci gaba da sa waƙar saboda ɗalibai na neman ta, labari ya kai kunnen Tom Wilson, baƙar fatar da ya shirya musu faifan, wanda kuma shi ke shirya na Dylan a lokacin. A watan Yuni na 1965 Wilson ya tara makaɗa a situdiyo, suka ɗora jitar lantarki da jita mai kaurin amo da ganguna a kan tsohon naɗin, ba tare da masu waƙar sun sani ba. Sabon zubin ya fito a Satumba, kuma a farkon Janairun 1966 ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard, wanda ke auna farin jinin waƙoƙi a Amurka, abin da ya sa abokan biyu suka sake haɗuwa. Fim ɗin The Graduate na 1967 ya ƙara kai ta nesa, kuma bayan rabuwarsu a 1970 ta kasance cikin abin da suka rera a 1981 a dandalin Central Park gaban kimanin mutum 500,000.

Masu kishin waƙar gargajiya suna ganin Wilson ya yi wa aikin wani shisshigi, kuma ba a rasa gaskiya a ƙorafinsu, amma kunne mai adalci zai yarda cewa zubi na biyu ya fi. Dalilin yana cikin yadda aka yi shi. Tun da asalin naɗin babu ganga, mawaƙan biyu sun riƙa sauri da sassautawa gwargwadon numfashinsu, don haka dole makaɗan da suka zo daga baya su bi sawun muryoyin, har akwai wurin da ake jin mai ganga ya ja da baya don kada ya wuce su. Baiti na farko yana tafiya a natse kusan yadda aka fara naɗarsa, sai a na biyu ganguna su shigo da ƙarfi, birnin da waƙar ke kuka da shi ya cika ɗakin da hayaniya, muryoyin biyu kuwa su ci gaba a natsuwarsu ta 1964, domin a ranar da suka rera baitin babu wata ganga a bayansu.