Wa ke sayo 'yan wasa a ƙungiyar ƙwallo? Abin da ya kamata ka sani

Duk gidan kallon da ka shiga, a Saulawa ne ko Paki, Makarfi ko Hunƙuyi, da zarar alƙali ya hura tashi sai wani sabon wasa ya ɓarke a bakin ƙofa. Wannan ya ce a kori koci. Wancan ya ce laifin masu ƙungiya ne da suka ƙi fitar da kuɗi a sayo ɗan gaba. Wani kuma, yana tsaye da guntun rake a hannu, ya lissafo maka mutum biyar da ya kamata a sayar kafin Juma'a. Magoya baya suna da ido, sau da yawa sun riga shugabanni gane inda ɓaraka take. Sai dai akwai ƙa'idoji da lissafin da ke ɗaure wa ƙungiya hannu, waɗanda talabijin ba ta nunawa.

Koci ne ke sayen 'yan wasa?

Da can, a Ingila, kusan haka ne. Alex Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013, Arsene Wenger ya riƙe Arsenal daga 1996 zuwa 2018, kuma da wuya a kawo ɗan wasa ba da yawunsu ba. Yanzu galibin manyan ƙungiyoyi suna da daraktan wasanni, wato jami'in da aikinsa shi ne tsara wa za a saya, wa za a sayar, wa za a tsawaita wa kwantiragi. A ƙarƙashinsa akwai masu zagayawa ƙasashe suna zaƙulo 'yan wasa, da masu nazarin alƙaluma a kwamfuta. Koci yana ba da shawara, mai ƙungiya ne ke sa hannu a kan kuɗi. To amma idan abu ya lalace, kocin ake fara kora, don sallamar mutum ɗaya ta fi sallamar ashirin da biyar sauƙi. Dubi Chelsea bayan an sayar da ita a 2022: cikin shekara biyu Thomas Tuchel da Graham Potter da Mauricio Pochettino duk sun kama gabansu, masu sayen 'yan wasan kuwa suna nan.

Me ya sa ba a saye a lokacin da ake buƙata?

Domin sau biyu kawai ake buɗe kasuwar 'yan wasa a shekara. A Turai babbar takan ci ne bayan an gama kaka, ƙaramar kuma a watan Janairu. Idan golanku ya karye a Oktoba, sai haƙuri da wanda ke benci, ko a nemo wanda ba shi da ƙungiya.

Sannan abin da ake saye a zahiri shi ne kwantiragin ɗan wasa, wato yarjejeniyar da ta ɗaure shi da ƙungiyarsa. Tun bayan hukuncin da wata kotun Turai ta yanke a 1995 a shari'ar ɗan wasan Beljiyam Jean-Marc Bosman, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba a biya ko sisi ba. Haka Kylian Mbappe ya bar PSG ya koma Real Madrid a 2024. Shi ya sa za ka ga an sayar da gwani yana kan ganiyarsa, ka yi ta faɗa. Saura masa shekara ɗaya ne, ya ƙi sabuntawa, su kuma sun gwammace kuɗi a hannu.

Mai ƙungiyar attajiri ne, me zai hana shi kashe kuɗinsa?

Doka. Gasar Firimiya ta Ingila ta yi shekaru tana aiki da ƙa'idar cewa asarar ƙungiya kada ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku. A Nuwamban 2023 an zabtare wa Everton maki 10 saboda ta wuce iyaka, daga baya aka rage zuwa 6, a 2024 kuma aka cire wa Nottingham Forest maki 4.

Akwai dabarar da ya kamata ka gane a nan. A littafin lissafi ba a rubuta kuɗin ɗan wasa gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi, raba shi ake yi a kan shekarun kwantiraginsa. Wanda aka saya miliyan 100 a kan shekara biyar, miliyan 20 ake rubutawa duk shekara. Da Chelsea ta sayi Enzo Fernandez a Janairun 2023 a kan fam miliyan 106 da ɗoriya, sai ta ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi don nauyin ya yi sauƙi. Ba a jima ba hukumar ƙwallon Turai ta toshe wannan kafa, ta ce rabon kada ya wuce shekara biyar. Ga kuma albashi, wanda shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin shiga. Ga iyakar adadi: manyan 'yan wasa 25 ake yi wa rajista a Firimiya, kuma waɗanda ba a Ingila ko Wales aka rene su ba kada su wuce 17. Wani lokaci kafin a shigo da ɗaya sai an fitar da ɗaya.

Ko'ina haka tsarin yake?

A'a. A Amurka akwai wata ƙwallon da ake runguma a hannu a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Babbar gasarta, NFL, ƙungiyoyi 32 ne, kowacce da 'yan wasa 53. Tun 1994 aka sa rufin albashi iri ɗaya ga kowa, a 2024 ya kai dala miliyan 255 da 'yan kai. Duk shekara ana zaɓen matasa daga jami'o'i zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓe. Ba a faɗuwa rukuni na biyu. Don haka can za ka ji magoya baya suna roƙon ƙungiyarsu ta yi ta shan kashi a ƙarshen kaka don ta samu zaɓin farko, maganar da ba mai iya furta ta a gidan kallon Ikara ya fita lafiya.

A nan gida fa?

Yawancin ƙungiyoyin gasar Firimiyar Nijeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta faɗi rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Gwamnatin Kano ce ke naɗa shugabanninta, ita ce kuma ta ba Ahmed Musa muƙamin babban manaja a 2025. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne mafi yawan kuɗin ƙungiya irin wannan daga baitulmali yake fitowa, ba daga tikiti ko talla ba, kuma idan gwamnati ta sauya shugabanni sukan sauya. Ga gajerun kwantiragi da jinkirin albashi da 'yan wasa suka daɗe suna kuka da su. A ganina wannan ne ya sa ake rushe ƙungiya a sake gini kusan duk kaka, fiye da rashin iyawar koci. Remo Stars ta Ikenne kuwa, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, tana da makarantar renon yara, ta kuma ɗauki kofin a 2025.

Ƙaramar ƙungiyar garinmu tana da wani rabo?

Tana da shi, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A ce an sayar da yaro yuro miliyan ɗaya: yuro 50,000 na masu reno ne, wadda ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 za ta samu 10,000. Kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa sai an sake fitarwa.

Sharaɗin shi ne rajista. Dole ƙungiyar ta kasance hukumar ƙwallon ƙafa ta san da ita, yaron kuma an shigar da sunansa da ainihin shekarunsa a ƙarƙashinta. Kocin da ya yi shekaru yana horar da yara a filin makarantar firamare da yamma, yana saya musu ƙwallo daga aljihunsa, idan babu takarda ba zai ga ko kwabo ba. Sannan FIFA ta hana kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙalilan. Duk dillalin da ya zo wa iyaye da alƙawarin kai ɗan shekara 15 Turai, yana neman a sayar da gona a ba shi kuɗin biza, a fara tambayarsa lasisinsa na FIFA da wasiƙar gayyata daga ƙungiyar, a kuma kai takardun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Kaduna ta duba.