Ra'in Matsin Lamba Daga Merton Zuwa Agnew

A shekarar 1938 Robert Merton ya nuna cewa al'ummar Amurka tana kwaɗaita wa kowa tara dukiya, amma ba ta buɗe wa kowa halaltacciyar hanyar samunta ba. Wanda ƙofa ta toshe masa yana iya riƙe burin, ya bi ɓarauniyar hanya, wato sata ko zamba. Raunin ra'in shi ne bai gamsar ba game da laifin da babu riba cikinsa, kamar duka da ɓarna. Wannan giɓi Robert Agnew ya nemi cikewa a 1992, inda ya ƙara da rasa abin ƙauna da fuskantar wulaƙanci. A ganinsa, fushin da waɗannan ke haifarwa kan tura mutum ga laifi, musamman idan ya ɗauka zaluntarsa aka yi.