Gadon lilo mai gidan sauro: abubuwan da ya kamata mai kwanan waje ya sani

Daga watan Maris zuwa Mayu, idan zafi ya haura maki 40, ɗaki ba ya kwantuwa a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Kowa tabarma yake ja zuwa tsakar gida ko ƙofar shago. Ga kuma waɗanda kwanan waje ya zame musu dole ko da damina: direbobin manyan motoci a tasha, fataken da ke sauka Shinkafi tun daren Laraba don cin kasuwar Alhamis, masu gadi, da bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Da yawansu suna da gidan sauro, amma yana can rataye a ɗaki, su kuwa suna waje.

Wane irin gado ne gadon lilo?

Kyalle ne mai ƙarfi, galibi na nailan, wanda ake ɗaure bakinsa biyu a jikin itatuwa ko ginshiƙai, mutum ya kwanta a tsakiya bai taɓa ƙasa ba. An ɗinka masa gidan sauro ta sama, da zif na shiga da fita. Idan an naɗe shi, ƙaramar jaka ta ishe shi. Mutanen tsibiran Karibiyan ne Turawa suka tarar suna kwana a irinsa a 1492, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun yi amfani da mai haɗe da gidan sauro a dazuzzuka masu fadama.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Kogin Gagare da na Bunsuru, masu zuba cikin Rima, su suka ba yankin nan fadamar shinkafa da albasa, kuma kududdufan da suke bari su ne makwancin sauro. Macen sauron da ake kira anofilis ita ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da dare take cizo, ba ta kuma tsaya a ɗaki kaɗai ba. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. A asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki, ƙarshen damina lokaci ne da tamowa da zazzaɓi ke haɗuwa a jikin yaro ɗaya.

Da rani sauro yana raguwa, gaskiya ne, amma wanda ke kwana kusa da lambu ko bakin fadama bai tsira ba. Ban da kariya daga sauro kuma, gadon yana ɗaga mutum daga ƙasa, nesa da kunama da kububuwa masu yawon dare.

Yadda ake ɗaure shi

Nan ne aikin yake. Ka nemi itatuwa biyu masu rai, masu kauri, tazararsu kamar mita huɗu zuwa biyar. Darbejiya da tsamiya da mangwaro sun yi. Ka guji gawo da bagaruwa, ƙayarsu tana yaga raga, ka kuma ɗaga kai ka duba ko akwai busasshen reshe a samanka, domin iskar farkon damina ba ta sallama.

Kada ka ja igiyar ta miƙe sambal. Mutane suna zaton haka ya fi daɗin kwanciya, alhali nauyin da ke kan igiya da wurin ɗaurin ninkuwa yake yi. A bar ta ta ɗan saki, gadon ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, tsayinsa daga ƙasa ya zama daidai da na kujera idan ka zauna a ciki. Sannan ka kwanta a karkace, kai ya ɗan yi gefe guda, ƙafa ta yi ɗaya gefen. Da haka baya yake miƙewa. Ginin ƙasa da dirkar rumfar kara ba wurin ɗauri ba ne, suna iya faɗo wa mutum. Direba kuwa ƙarfen bodin motarsa ya ishe shi gefe guda.

Ka rufe zif da zarar ka ɗaure, ba sai ka zo kwanciya ba, in ba haka ba da sauron za ka kwana a ciki.

Inda rauninsa yake

Abu biyu mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba. Na farko, sauro yana cizo ta ƙasa, inda baya da gwiwar hannu suka manne da kyallen, musamman idan falle ɗaya ne. Maganinsa a shimfiɗa zane mai kauri ko bargo a ciki. Na biyu, ragar mafi yawan irin gadon nan ba ta da magani. Gidan sauron da gwamnati ke rabawa kyauta, ɗaya ga mutum biyu, an jiƙa zarensa da maganin da ke kashe sauron da ya sauka a kai, har ma wasu an ƙara musu sinadarin PBO saboda sauron da ya saba da tsohon magani. Na gadon lilo shinge ne kawai: ka jingina hannu da shi, an cije ka.

Wa ya dace da shi?

A ganina, kayan baligi ɗaya ne mai tafiya. Ban yarda a kwantar da jariri a ciki ba, fuskarsa na iya nutsewa cikin kyallen, kuma mai ciki da tsoho hawa da sauka zai ba su wuya. Ba kuma dalili ba ne na kwana a daji ko a gona mai nisa, a halin da hanyoyin Zurmi da Shinkafi suke ciki; cikin gari da cikin jama'a ake nufi.

Ga iyali, gidan sauro mai magani ya fi, kuma ana iya fita da shi waje. A kafa sanda huɗu a tsakar gida, ko a ja igiya biyu daga bango zuwa bango, a ɗaure kusurwoyinsa, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane gefe. Da asuba a kwance shi a shigar ɗaki, domin rana tana kashe ƙarfin maganin. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. Wanki da sabulun gari da ruwan sanyi, ban da omo, shanya a inuwa. An yi shi ne ya jure wanki kamar ashirin da shekara uku. Huda ko ƙarama ce a ɗinke ta ranar da aka gan ta. Yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar kuma a tabbata sun sha maganin rigakafin da ake bi gida gida da shi kowane wata a damina, ko da a cikin gidan sauro suke kwana.