Baƙin Tsuntsun Kalmalo Mai Kukan Aro

A Amurka akwai wani tsuntsu mai ruwan toka da ya yi suna wajen kwaikwayo, masana na kiransa Mimus polyglottos. Namiji ɗaya kan haddace kukan tsuntsaye iri-iri, har da na kwaɗi. Jihohi 5, ciki har da Texas da Florida, sun ɗauke shi tsuntsun jiha. Babu shi a Afirka, amma makwaikwayin da ke sauka kan darni a Kalmalo, ta ƙasar Illela, ya fi shi ban mamaki.

Da kaka, idan ciyawa ta nuna a gefen tafki, za a ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki da jajayen ƙafafu, yana rera kuka a kan reshe ɗaya tun safe. Sunansa na kimiyya Vidua chalybeata. Wani ɓangare na kukan nan aro ne daga ɗan jan tsuntsun nan na cikin gida, mai tsintar tsaba kusa da turmi, mai sheƙa a jinkar ɗaki.

Reno ne ya haɗa su. Macen baƙin ba ta yin sheƙa; sai ta faki ido ta saka ƙwanta a ta jan. Idan aka ƙyanƙyashe, ɗigon da ke cikin bakin ɗan baƙon daidai yake da na 'ya'yan gida, don haka ake ciyar da su tare, kuma ba ya jefar da kowa ƙasa. A nan yake koyon kukan masu renonsa. Idan ya girma, da shi yake neman mata, ita ma macen ta fi son mai kukan gidan da ta tashi.

Robert Payne na Jami'ar Michigan ya shafe shekaru yana bin wannan dangi. Ya ba wasu tsuntsaye dabam renon 'ya'yan baƙin, sai suka tashi da kukan sababbin iyayen. Binciken ɗan'uwan baƙin tsuntsun a duwatsun Jos ne ya kai shi ga bayyana sabon nau'in jan tsuntsu a 1998.

Wannan ilimi ne da ke tsakar gida. Ya kamata malaman makarantun Illela su nuna wa yara shi, kafin su kai wa tsuntsun danƙo.