2.3 Zaɓin Malaman Jami'a Dangane da Hanyoyin Koyarwa ta Intanet

A watan Maris na shekarar 2020 ne Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda annobar korona. Wannan ya zo daidai da yajin aikin ƙungiyar ASUU, wanda ya kai har watan Disamba. Saboda haka, jami'o'i masu zaman kansu ne suka fi rungumar koyarwa ta intanet.

Za a iya kasa hanyoyin da aka bi gida biyu. Ta farko ita ce ta kai-tsaye, inda malami da ɗalibai kan haɗu lokaci guda ta manhaja irin su Zoom. Ta biyu kuwa, malami kan naɗi muryarsa ko ya rubuta darasi, ya tura ta WhatsApp ko Google Classroom, ɗalibi ya buɗe in ya sami hali.

Malamin da ke son tambaya da amsa nan take yakan fi karkata ga ta farko. Sai dai tsadar data da ɗaukewar wutar lantarki da raunin sabis a karkara sukan tilasta masa komawa ga ta biyu. Ke nan, zaɓin malami bai tsaya ga sha'awarsa kawai ba. Dole ya dubi halin ɗalibinsa mai ƙaramin ƙarfi, in ba haka ba darasi ya wuce shi.