Manhajar karanta rubutun kiɗa: me za ta tarar a Haɗejiya?

Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Haɗejiya, kakaki na tashi, mai algaita ya cika kumatu da iska, tambari na amsawa daga baya, amma babu makaɗi ko ɗaya da ke duban takarda. Kowane take a ka yake. Yaro na jin sa tun yana riƙe wa mahaifinsa ganga, har ranar da za a ce ya karɓa. A ɗaya ɓangaren kuma, rumbunan manhajoji na Google da Apple na ɗauke da irin su PlayScore 2 da Sheet Music Scanner, waɗanda in an ɗauki hoton takardar kiɗa da waya sai su karanta, su kaɗa abin da ke rubuce.

Rubutun da suke karantawa tsoho ne. Wajen shekarar 1030 wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, ya daidaita tsarin jera layuka ana ɗora alamar amo a kansu ko a tsakaninsu: wadda ta hau sama amonta siriri, wadda ta sauko mai kauri. Daga baya layukan suka tsaya a biyar. Koya wa kwamfuta karanta su kuwa ya faro ne a jami'ar MIT ta Amurka, da binciken Dennis Pruslin a 1966, sannan na David Prerau a 1970.

Aikin ya fi karanta rubutun boko wuya. Harafin "b" duk inda ya faɗa a shafi "b" ne, amma ɗigon kiɗa ma'anarsa na canzawa gwargwadon layin da ya zauna. Dole manhaja ta fara gano layukan nan biyar, ko da takardar ta lanƙwashe ko inuwar hannu ta faɗa a kanta. Sai ta tantance ɗigon, cikakke ne ko mai rami, yana da sanda ko wutsiya, domin su ke faɗin tsawon lokacin da za a ja amon. In ta tsallake ƙaramar alama guda a farkon layi, wadda ke cewa a sassauta wani amo, duk layin ya lalace. Bayan haka ne take juya abin da ta gani zuwa tsarin MusicXML, wanda manhajoji kamar MuseScore ke buɗewa kyauta, ko zuwa MIDI, tsarin da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi tun 1983.

To a Haɗejiya wa ke da takardar da za a ɗauka hoto? Masu badujalar 'yan sanda da sojoji na koyon wannan rubutu. Mawaƙan coci a Nijeriya kuwa sun fi sabawa da solfa, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila tun shekarun 1840, wanda ake rubutawa da haruffa d, r, m, f, s, l, t, ba da layuka ba. Samarin situdiyo da ke haɗa kiɗan fiyano da FL Studio su kuma da kunne suke aiki.

Babbar matsalar tana wurin kalangu. Makaɗi na rataya shi a kafaɗa, ya danne tsarkiya da damtse: in ya matse, fata ta ɗaure, amo ya hau, in ya saki, ya sauko. Yana iya matsewa bayan ya riga ya buga, amon ya zame daga wannan mataki zuwa wancan, yana bin karin sautin Hausa na sama, na ƙasa da mai faɗuwa. Da haka ne mahauci ko ɗan dambe ke jin takensa daga nesa ya gane da shi ake. Rubutun Turai an gina shi a kan matakai 12 tsayayyu, irin na maɓallan fiyano. Ana iya tilasta kalangu ya shiga ciki, sai dai abin da waya za ta kaɗa daga baya ba zai sa ɗan dambe tsuma ba.

Masana sun daɗe da sanin haka. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana a 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa masu yawa. Kalmomi da tarihi sun samu shiga littafi. Hannun makaɗi kuwa, faifai da kaset ne suka fi adana shi.

Saboda haka ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, in yana son gina irin wannan manhaja, bai kamata ya kwaikwayi PlayScore ba. Gara ya fara da makirufo kafin kamara: ya naɗi take, manhaja ta zana hawa da saukar amon a matsayin layi mai lanƙwasa, a ƙarƙashinsa a rubuta kalmomin da gangar ke faɗa, mai koyo ya rage gudu ya bi a hankali. Makaɗan gangar noma a fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma kaɗai sun isa aikin shekara. Kuma kafin a naɗa, sai an zauna da sarkin makaɗa an daidaita wa ke da haƙƙin abin da aka ɗauka, don take gadon gida ne.

Fitar da manhajar ba ta da tsada sosai. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, kuma sabon mai asusu a Google sai ya samu mutum 12 sun gwada manhajar kwana 14 kafin a sake ta ga jama'a. Wayoyin da ke hannun mutanen yankin yawanci Tecno ne da itel da Infinix, marasa wadataccen wuri. Damina kuma, kamar ta 2022, kan yanke ƙauyuka daga gari. Dole manhajar ta zama marar nauyi, ta yi aiki ba da data ba, kuma ta yarda a tura ta ta Xender, domin a rumfar mai cajin waya a kasuwa mafi yawan mutane za su fara samun ta.