Darasin da ya kamata a koya wa yaranmu kafin su riƙe waya

A Agege, Sabo Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, da wuya ka ga ɗan sakandaren da bai iya WhatsApp ba. Tantance saƙo kafin turawa ne bai iya ba, kuma aji ne wurin koyonsa, na boko ko na Islamiyya.

Malam zai iya farawa da labarin 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas. Saƙo ya bazu cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum. Ƙarya ce, amma har rayuka ta ci.

Daga nan sai a koya wa ɗalibi tambayoyi 3: Wa ya fara faɗa? Yaushe aka ɗauki hoton? Wa zai cutu idan na tura?

Mu mazauna Kudu abin ya fi shafa. Tsohon bidiyon rikici, in aka ce na yau ne, ya isa ya jawo ƙone rumfunan mutane. Sannan dokar laifukan intanet ta 2015 na hukunta mai yaɗa ƙaryar da za ta ta da fitina. Iyaye, ku tambayi makarantar yaranku ko ana wannan darasi.